Shaidun Marubuci: Littattafan Dubawa da Ƙagaggen Labari a Ƙasar Mayahi

Ba abin mamaki ba ne malamin da ke duba rubuce-rubucen matasa ya ci karo da shafi irin wannan: damina ta yi tsaka, gero ya kai ƙugu, saurayi da budurwa suna zance a bakin gona, sun fake wa rana a inuwar gawo mai duhun ganye. Jimlolin ba su da aibu, zancen masoyan ma yana da daɗi. Amma duk manomin da aka karanta wa shafin a Mayahi ko Kanambakashe zai tsayar da mai karatu tun bai kai ƙarshe ba, domin da damina gawo yake kakkaɓe ganyensa, sai ruwa ya ɗauke sannan ya sake tofo. Dalilin da ya sa ake barinsa a tsakiyar gona ke nan, ba ya tare wa shuka rana. Daga wannan layi ɗaya manomin ya daina yarda da marubucin, ko da kuwa sauran labarin gaskiya ce tsantsa game da zuciyar ɗan Adam.

Irin wannan tuntuɓe shi ke tayar da tambayar da malamai da ƙungiyoyin raya al'adu suka saba yi: waɗanne littattafai ya kamata mai ƙaga labari ya ajiye kusa da hannunsa, ya riƙa dubawa? Tambayar ta ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, shekara 52 bayan buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Harshen da aka ɗora wa wannan kaya yana bukatar littattafan karatu, su kuwa suna bukatar marubutan da yaron Gulbin Kaba zai gane gidansu a cikin labarinsu.

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce a nemi littattafan nazarin adabi, irin su Rabe-raben Adabin Hausa da Muhimmancinsa ga Rayuwar Hausawa na Abdulƙadir Ɗangambo (1984), ko Jagoran Nazarin Ƙagaggun Labarai na Isa Mukhtar. Littattafai ne masu daraja, su suka bai wa malami kalmomin da yake aiki da su a aji: jigo, salo, zubi da tsari, babban tauraro da ƙananan taurari. Sai dai an rubuta su ne domin wanda zai feɗe labarin da wani ya riga ya gama. Masana da kansu suka zaɓi kalmar fiɗa ga wannan aiki, ta kuwa dace, domin mahauci ya san kowace gaɓa ta jikin bijimi, amma ba shi ake bai wa kiwon maraƙi ba. Matashin da ya fara daga nan yakan zo da labarin da jigonsa ke tsaye a bakin ƙofa tun shafin farko, kowane tauraro kuma yana ɗauke da halinsa a fuska kamar tsaga, ba ya canzawa har a rufe littafin. Wanda ya fi amfani ga mai ƙaga labari a wannan rukuni shi ne Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988), don yana nuna masa hanyar da aka riga aka bi, tun daga ajami zuwa gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Abin tunawa ne kuma cewa Abubakar Imam bai rubuta Magana Jari Ce da ka ba. A Zariya ya yi aikin a 1936, littattafan hikayoyin Larabawa da na Turawa suna jibge a gabansa.

Littafin dubawa na farko dai shi ne ƙamus, a nan kuwa har yanzu ba a ture G. P. Bargery daga kujerarsa ba. Ƙamusunsa ya fito a 1934, da kalmomi kimanin 39,000 a shafuka fiye da 1,200. Maɗabba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993 tare da ƙarin da Neil Skinner ya yi, yau kuma ana iya buɗe shi a intanet ta wayar hannu. Abu biyu suka sa ya zama na marubuci. Na farko, Bargery bai tsaya a Kano ba, yakan sa alama a gaban kalma ya nuna wannan ta Katsina ce, wannan ta Sakkwato, wannan ta Gobir, wato ƙasashen da harshen mutanen Mayahi da Tasawa ya fi kusanta da nasu. Na biyu, yakan tara ƴan'uwan kalma wuri ɗaya. Wanda ya buɗe "ƙato" zai tarar da jeri mai tsawon gaske na kalmomin girman jiki, marubucin da ya gaji da "babba ƙwarai" kuwa zai fita daga shafin da abin da zai bambanta ƙaton da ake tsoro da ƙaton da ake yi wa dariya. Illarsa a fili take. Bayanin da Ingilishi ne, malamin Nijar kuwa da Faransanci ya yi karatu. Sa'an nan shekarun littafin sun haura 90, da yawa daga kalmominsa sun bi waɗanda suka faɗe su. Akwai marubucin da yakan shiga Bargery kamar mai kwasar ganima, ya fito ya jera wa mai karatu kalmomin da ba wanda ya taɓa ji, wai don a ce ya iya Hausa. Maganin wannan bai da wuya: a ɗauki kalmar a kai wa tsohuwa a gida. In ta yi murmushi ta ƙarasa zancen, kalmar tana da rai. In ta ce "mi?", sai a mayar da ita inda aka ɗauko ta.

R. C. Abraham, wanda ya taya Bargery aiki kafin ya fitar da nasa ƙamus tare da Malam Mai Kano a 1949, aka sake bugawa a 1962, ya fi maigidan nasa nuna kalma a cikin jama'arta. A ƙarƙashin aikatau ɗaya kamar "ci" ko "sha" ko "kama" sai a samu jimloli da karin magana da kirari a jere. Ga mai rubuta hira tsakanin kishiyoyi, ko tsakanin dillali da mai saye, wannan ya fi fassarar kalma amfani nesa ba kusa ba. Sai dai yana da wuyar bi, yakan tura mai nema daga wannan shafi zuwa wancan har ya manta abin da ya kawo shi, kunnensa kuma na Kano ne.

Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar a 2006 bayan aikin shekaru masu yawa, ya kawar da babbar matsalar waɗancan biyun, domin da Hausa yake bayanin Hausa. Marubuci ba sai ya fita daga harshensa ya dawo ba kafin ya san ma'anar kalma, salon bayanin kansa kuma darasi ne na taƙaita magana. Ya cancanci a same shi a kowace makaranta ta gundumar. Amma kwarjininsa yana da haɗari. Ƙamus ne na daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan karin Kano, yana kuma ɗauke da sunan jami'a. Saboda haka matashin da ya nemi kalmar uwarsa a ciki bai same ta ba, ko ya same ta da wata ma'ana dabam, yakan yanke hukunci cewa uwar ce ta yi kure. A nan ne ya kamata malamai su tsaya tsayin daka. Ƙamus shaida ne, yana faɗin abin da ya ji a inda ya je. Ana sauraronsa, ana gwada maganarsa da ta sauran shaidu, amma hukunci yana hannun marubuci da mutanen da yake rubutu a kansu.

Misalai ba su da wuyar samu. Matar da ta ce ta kwana uku a likita da ɗanta ba ta yi kuskure ba, a Nijar likita wuri ne, mai duba marasa lafiya kuma lokotoro. In mai gyara ya mayar da jimlar "asibiti", ma'ana ta tsira, amma matar ta tashi daga Mayahi ta koma Fagge. Haka kuɗi. Uban da ya yanka wa ɗiyarsa sadaki jika hamsin yana nufin sefa 50,000, alhali mai karatu a Kano naira 200 ya sani a matsayin jaka. Ga tiya ta awon hatsi, ga lakwal da mushe, ga lanho da kumandan waɗanda har yau suke da ɗaci a bakin tsofaffi. Labarin da aka kafa a Tasawa zamanin Faransawa, aka sa mutane suna tsoron Di'o da Razdan, ya sa rigar aro. Littattafan da suka saurari wannan gefe na iyaka su ne Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini (1987), da ƙamusun makarantun firamare da shirin Soutéba ya fitar a 2008 mai kalmomi ƙasa da 8,000, da kundin sababbin kalmomin Hausar Nijar na Fatimane Moussa-Aghali da aka buga a Italiya a 1999. Ƙanana ne, domin aji da ofis aka yi su. Suna tabbatar wa marubuci cewa kalmarsa an san da ita, amma ba su da zurfin da zai ciyar da labari mai shafi 200. Littafin Bernard Caron kan Hausar Adar (1991) na ƙasar Tawa ne, duk da haka ya nuna cewa karin harshe yana da nahawunsa cikakke, ba Kananci ne da ya lalace ba.

Wannan ya kai ga batun ƙa'idar rubutu. Taron Yamai na 1980 ya daidaita yawancin abin da ya raba rubutun ƙasashen biyu, dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 kuma ta tsayar da na Nijar. Ƴar takardar da ke ɗauke da waɗannan ƙa'idoji ita ce mafi arha cikin littattafan dubawa, ita kuma aka fi yin watsi da ita, alhali ƙugiya ɗaya ce ta raba baki da baƙi. Amma ƙa'idar rubutu ba ta hana tauraro magana da bakinsa. Abin da ya fi dacewa shi ne mai ba da labari ya riƙe daidaitacciyar Hausa, domin littafin ya shiga aji ya kuma ƙetare iyaka, sannan a bar tsohon da ke cewa munka da sunka da anka, yana kiran fari hwari, ya faɗi tasa yadda yake faɗinta. Sharaɗi ɗaya ne. In wawan labari kaɗai aka bar wa karin gida, jarumi da jaruma suna zuba Kananci, kamar yadda ake yawan gani a finafinai, to marubucin ya yi wa garinsu habaici da hannunsa.

Tarin karin magana kuwa, daga na G. Merrick (1905) da na C. E. J. Whitting (1940) zuwa guda 500 da A. H. M. Kirk-Greene ya tsara a 1966, ba sa bukatar dogon bayani. Suna ba da karin maganar da ma'anarta, amma ba safai suke faɗin wa ke iya jefa ta ga wa ba. Wadda uwar miji za ta yi wa amarya a zauna lafiya, in amarya ta mayar mata aure ya girgiza. Wannan sani ba ya cikin jeri, shi kuwa labari ke bukata. Marubucin da ke buɗe littafin don ya yayyafa wa kowane shafi biyu-biyu, gishiri ne zai kashe masa miya.

Inda littattafan dubawa suka fi biyan bukata shi ne wajen sunayen abubuwa. Labarin da aka kafa a Gulbin Kaba ba zai yiwu ba sai da goriba da dukan zuriyarta: kabar da mata ke yanka su shanya, a saƙa tabarma a tufka igiya, da ƙwalshin da yara ke fasawa, da ƙodagon da ya gagari haƙori. J. M. Dalziel, wani likita Bature da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya tara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, Roger Blench ya faɗaɗa aikin a shekarun 2000, a Nijar kuma akwai jerin da B. Peyre de Fabrègues ya yi a shekarun 1970. Amfaninsu shi ne suna haɗa sunan gida da sunan kimiyya, daga nan marubuci zai iya bin sawun itace a kowane littafi, ya san lokacin furensa da na ƴaƴansa da na zubar ganyensa. Da matashin nan ya yi haka, ko da ya tambayi kawunsa, da ya zaunar da masoyansa a gindin tsamiya. Haka sha'anin shekarun wahala. Tarihin yunwa a Sahel na Boureima Alpha Gado (1993) da littafin Michael Watts kan Arewacin Nijeriya (1983) sun adana sunayen da talakawa suka raɗa wa waɗannan shekaru, irin su Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Uwa a ƙauye ba ta cewa ta haifi ɗanta a 1984, cewa take shekarar El Buhari, yunwar da ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Wanda kuma ya san cewa dilo, wato ƴaƴan anza, sai an jiƙa shi kwanaki ana sauya masa ruwa kafin ɗacinsa ya fita, ba ya bukatar ya rubuta "yunwa ta yi tsanani" sau goma. Ya isa ya nuna mace tana tsiyaye ruwan kwana na uku, yara sun zuba wa ƙwaryar ido.

Ta fuskar al'ada, Zaman Hausawa na Habibu Alhassan da Usman Ibrahim Musa da Rabi'u Muhammad Zarruƙ (1982) shi ne aka fi sani. Da Hausa yake, a tsare yake, ya bi aure da haihuwa da sana'o'i da sarautu daki-daki. Amma Bahaushen da ke cikinsa mutum ɗaya ne wanda ba a san garinsu ba, labari kuwa sai da gari. Binciken da ya sauka ƙasa a wannan jaha yana cikin harsunan waje: Guy Nicolas kan zaman jama'ar kwarin Maraɗi (1975), Jacqueline Monfouga-Nicolas kan bori (1972), Emmanuel Grégoire kan alhazan Maraɗi (1986), da Barbara Cooper kan aure (1997). A cikinsu ake samun gadon Anna da buɗin daji da bikin dubu na manyan manoma, da yadda gudummawar biki tsakanin mata take zama bashi da ake mayarwa ninki. Wannan na ƙarshe kaɗai ya isa ƙashin bayan littafi, domin matar da bikin ƙawarta ya riske ta hannu babu komai tana cikin tashin hankalin da ya fi na masoya da yawa. Sai dai a tuna Maraɗi suka zauna, ba Mayahi ba, kuma mai bincike ƙa'ida yake nema, yayin da mai ƙaga labari ya fi bukatar wadda ta karya ta.

Tarihi ne ya fi nuna dalilin da ya sa ake tambayar shaida ko shi wane ne. A watan Yulin 1899 ayarin Voulet da Chanoine, bayan ɓarnar da ya yi tun daga yamma har Birnin Ƙonni, ya iso ƙasar Tasawa. An yi kisan gilla a Koran Kalgo. Ranar 14 ga wata, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da shi. Ranakun 16 da 17 kuma sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu suna nan a Maijirgi. Marubucin da ke son ɗaukar wannan labari zai sami Le drame de Dankori na Joalland (1930), amma Joalland hafsa ne a cikin ayarin, yana da abin da yake son wankewa, masifar da take littafin ke nufi kuwa ita ce Bature ya kashe Bature. Muriel Mathieu (1995) da Bertrand Taithe (2009) sun gyara da yawa, duk da cewa takardun Faransa ne ginshiƙinsu. Abdoulaye Mamani ya nuna yadda ake aiki da irin waɗannan shaidu a littafinsa Sarraounia (1980), wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986. Ya ɗauki hanya da kwanan wata daga takardu, ya ɗauki Sarauniyar Lugu daga bakin mutane, inda takardun ba su ba ta wuri mai yawa ba, sauran ya gina da tunaninsa. Da Faransanci ya rubuta. Marubucin Tasawa ko Mayahi yana da abin da ya fi haka kusa, domin jikokin waɗanda abin ya faɗa wa suna zaune a garuruwan, da harshensa kuma suke ba da labarin.

Akwai wani littafi da ba a jera shi cikin na dubawa, ya kuwa cancanta. Dorugu ɗan Dambanas ne kusa da Kance, gabas da Tasawa. An kama shi yana yaro aka sayar, Overweg abokin tafiyar Barth ya ƴanta shi, ya bi Barth har Tambutu, ya isa Ingila a 1855. A can J. F. Schön ya rubuta labarin rayuwarsa daga bakinsa, aka buga a Magana Hausa a 1885, ƙamusun Schön na 1876 ma ya sha daga harshensa. Ya rasu a Kano a 1912. Wato ɗaya daga cikin dogayen labaran Hausa na farko da aka buga da boko daga bakin yaron wannan yanki ya fito. Abin koyo a wurinsa shi ne aikatau ke jan labarin, yana faɗin abin da ya gani da abin da ya biyo baya, ba ya tsayawa ya gaya wa mai sauraro inda zai yi kuka.

Abin da waɗannan littattafai suka bari, ƙungiyar malamai ko ta raya al'adu a Mayahi tana iya fara cike shi ba tare da jiran kuɗin wani shiri ba. Kaye ɗaya ya isa, a bi hanyar Bargery a ƙara mata abin da ya rage: kalma, garin da aka ji ta, wanda ya faɗe ta, namiji ne ko mace, tsoho ko yaro, da jimlar da ta zo a ciki. A fara da masu saƙar tabarma da masu ginar rijiya da dillalan dabbobi da ungozoma. Aji mai yara 40, in kowa ya kawo kalma biyar daga wurin kakarsa a mako, an sami 200, cikin mako goma an sami 2,000 kafin a tankaɗe. Tankaɗen ne zai fi cin lokaci. A zaunar da tsofaffi biyu daga garuruwa dabam-dabam, a karanta musu kalma bayan kalma, inda suka saɓa a rubuta duka biyun, kowace da sunan garinta.